Harafin da Na Datse wa Baƙo

Lahadi

Yayata ta kaina,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki gaya mata in ta ci gaba da tura ƙwayar magani ƙarƙashin filo, ina da masu kawo mini rahoto.

Kin ce muryata ta canja a waya, na ce miki mura ce. Ba mura ba ce, Yaya. Maganar ce ta ƙi fita ta baki, shi ya sa na ɗauki biro.

Kin san aikina, shigar da sunan marasa lafiya cikin kwamfutar asibiti. Ofishinmu yana can ƙasan bene, ba taga, bango ɗaya ne tsakaninmu da ɗakin ajiye gawa. Injin sanyinsu yana gurnani duk yini, har na daina jin sa.

Yau kwana goma sha biyu ke nan, da hantsi, aka kawo wani mutum ɗakin gaggawa. An ce a tashar mota ya yanke jiki ya faɗi. Dogo ne siriri, ba zai wuce arba'in da biyar ba. Ba jaka, ba waya, ba kati, kuma ba ya jin yaren kowa. Nas ta aiko na hau da allo, wato kwamfutar hannun nan da muke ba baƙi su rubuta sunansu da kansu. Na yi ta nuna masa rubutun ƙasashe ɗaya bayan ɗaya har muka zo kan wani mai kama da ƙananan kujeru da ƙugiyoyi, sai ya ɗaga yatsa. Na duba, an rubuta Amharik, sunan yaren ƙasarsu ke nan.

Na riƙe masa allon ya fara dannawa. Yaya, ya daɗe. Ya danna, ya huta, ya yi haki, ya sake dannawa. Hannuna ya gaji, ga layi na jira na a ƙasa, a raina ina cewa wannan suna ne ko huɗuba? Da ya gama ya dube ni ya gyaɗa kai sau biyu, irin na wanda ya sauke kaya.

Na juyo da allon na danna a ajiye. Sai ɗan akwatin nan ya fito, mai tambaya: rubutu ya fi wurinsa, a datse? Wurin suna gurbi ashirin ne kawai, tsohon tsari ne. Wannan tambaya tana fito mana sau hamsin a rana, kuma babu mai karanta ta a cikinmu. Ranar da na fara aiki abin da aka fara koya mini ke nan: kin gan shi, danna E ki wuce. Sunan mutum in ya rasa wutsiya ai ana gane shi. Na danna E ban ko duba ba, na sauka. Bayan azahar mutumin ya cika.

Washegari na buɗe fayil ɗinsa don in haɗa takardar gawa. Duk rubutun nan da ya sha wuya a kai, abin da ya rage harafi biyar ne, da ɗigo biyu, sai wani baƙin tabo mai kusurwa huɗu tsaye kan tsininsa, da farar alamar tambaya a cikinsa.

Ga inda matsalar take. Dokar asibiti, gawar da ba a zo nema ba har kwana talatin, motar hukuma ke kwashe ta a binne da lamba, ba suna. Hanya ɗaya ce ta samo danginsa, mu aika sunan ofishin neman ɓatattu. Na aika sau uku, sau uku kwamfutarsu na tofo shi, wai fayil ɗin lalatacce ne. Saura kwana goma sha takwas.

Baba mai makulli, dattijon da ke kula da ɗakin gawa, ya sa shi a durowa ta tara. Jiya ya leƙo yana tambaya ko gam ɗinmu ne ya lalace, don takardar da na buga masa kullum da safe sai ya tarar ta ɓamɓare daga gefe ɗaya, gefen da tabon yake. Sau huɗu yana mannawa. Na ce masa sanyi ne. Ya ce to, sauran durowoyin a rana suke?

Kada ki gaya wa Inna. Ki dai sa ni a addu'a.

Taki,
Auta


Lahadi

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da kika ce zazzaɓin ƙaramin ya sauka, Allah ya ƙara sauƙi. Saƙonki ya iso, kuma na ji faɗan. I, ina cin abinci. A'a, ban rame ba, hoton ne.

Kin ce in kira mai gyara ya dawo da rubutun. Ai shi na fara yi. Muna da wani da muke kira Injiniya, mutumin kirki amma in ya fara bayani sai kin nemi kujera. Ya zauna gaban kwamfutata ya buɗe cikin fayil ɗin, ya yi tsaki, ya ce in matso in ga ɓarnar da na yi. Bari in gaya miki yadda na fahimta.

Wai kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai ta sani. Akwai wani babban kundi, Yunikod, da aka ba kowane harafi na duniya lambarsa a ciki. Haruffan Amharik ba kamar namu ba ne. Kowane ɗaya gaɓa ce sukutum, baƙi da wasali a haɗe: ha daban, hu daban, hi daban, an jera su gida-gida, takwas-takwas. In za a ajiye harafin boko, gurbi ɗaya yake ci. Namu masu lanƙwasa, su ƙ da ɗ, biyu suke ci, ya ce mu ma ba mu da sauƙi. Na Amharik kuwa uku. Ya zana mini na farkonsu, ሀ, ya rubuta a ƙarƙashi: E1, 88, 80. Lamba ta farko tana cewa mu uku ne, a jira sauran. Ta biyu tana nuna unguwa. Ta uku ita ke nuna ƙofar gidan.

To ki lissafa. Harafi biyar sun ci sha biyar. Ɗigo biyun nan, da suke raba kalma da su, sun ci uku. Saura gurbi biyu, harafi na gaba kuma uku yake so. Da na danna E, sai aka sare shi a tsakiya. E1 da 88 suna nan, ta ukun babu. Baƙin tabon nan kwamfuta ce ke cewa an ba ta rabin abu ba ta san mene ne ba. Na ce to ina sauran ya tafi, a je a ɗauko. Ya dube ni da tausayi ya ce bai tafi ko'ina ba, ba a taɓa ajiye shi ba ne.

Na shiga banɗaki na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Da na fito ya ce unguwar 88 ƙofa sittin da huɗu gare ta, ɗaya daga ciki ce harafin. Ya buga mini su a takarda, layi takwas, kowane layi takwas. Na ninke na jefa a durowata ko buɗewa ban yi ba. Me zan yi da ƙofa sittin da huɗu?

Ranar Laraba Baba mai makulli ya yi mini kwatancen wata mai ɗinki a bayan kasuwa, 'yar ƙasar mamacin ce. Na same ta a wani ɗan shago, keke biyu da tarin yadi, tana da tabarau a kan hanci. Hausarta tsinta-tsinta ce amma muna fahimtar juna. Ta karanta harafi biyar ɗin nan take, ta ce sunansa ne na yanka, kuma a wurinsu sunan ya fi ƙasa yawa. Abin da ke bayan ɗigon shi ne sunan uba, sai na kaka, da su ake gane mutum. Na kira ofishin ɓatattu da sunan kawai, matar ta ce suna da mutum ɗari huɗu da wani abu masu shi, wanne nake so?

Yanzu ga abin da ya sa nake rubuto miki da rana tsaka, ƙofa a buɗe. Tun ranar da na danna E ɗin nan hannuna na dama sanyi yake yi, daga yatsa manuniya zuwa wuyan hannu. Na ɗauka iskar ofis ce. Shekaranjiya ina waya da ɗakin haihuwa, biro a hannuna, da na ajiye wayar sai na ga na cika gefen rajista da zane. Abu ɗaya ne, an maimaita shi sau goma sha ɗaya, tsaf-tsaf, ƙafa biyu da 'yar ƙugiya a gefe. Kin san ni, ko da'ira ban iya zanawa ba, ke kike yi mini aikin zane a makaranta.

Na yi ta'awizi na yage gefen. Saura kwana goma sha ɗaya.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta


Lahadi

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa na ƙi ɗaukar wayarki jiya. Na san abin da za ki ce, in ɗauki hutu in taho gida. Na cike takardar hutun ma, tana cikin jakata. Addu'o'in da kika turo ina yi safe da yamma.

Ranar Litinin zanen ya dawo, a bayan ambulan ɗin wasiƙa wannan karon. Sai na tuna da takardar Injiniya. Na ciro ta na buɗe, ina bi da yatsa layi-layi, ina roƙon Allah kada in gan shi. Yana layi na biyu. Ko ƙugiyar ba ta kauce ba.

Na kai wa Injiniya. Ya yi dariya ya ce ba wani abu ba ne, idona ne ya ɗauka lokacin da mutumin ke rubutu, kai ya ajiye, hannu ya fitar. Na ji sanyi a raina har na kai ƙofa. A bakin ƙofar na tsaya. Yaya, allon shi yake fuskanta. Ni bayansa nake gani, baƙar roba da tambarin asibiti. Da na juyo da shi kuma akwatin tambayar ya rufe rubutun. Na gaya wa Injiniya haka. Sai ya miƙe ya ce ana jiran sa a ɗakin magani.

Daga ranar abin ya daina maimaita harafi ɗaya. In dai biro na hannuna kuma hankalina ya tafi wani wuri, sai in farga in ga sabo. Ba ya zuwa in ina kallo. Kuma ba ya sauri: harafi biyu, uku, sai ya tsaya kamar mai hutawa, sai ya ci gaba. Na gane wannan tsayawar. Na taɓa tsayuwa ina jin haushinta.

Na gwada ajiye biro. Na wuni ranar Laraba ban taɓa shi ba, hannun ya yi ta zugi kamar an sa shi a ƙanƙara, har kofi ya suɓuce mini. Ranar Alhamis na haƙura. Na sayi ɗan littafi, na buɗe shi a gefen tebur, na riƙe biro, na juya fuskata ga bango ina karanta jadawalin aiki. Abokiyar zamana ta tambaye ni ko wuyana ne ya ƙage.

Jiya ya tsaya. Layi bakwai. Na jira har la'asar bai ƙara ba, na ɗauka na tafi bayan kasuwa.

Mai ɗinki ta karɓa tana murmushi, ta ce wa ya koya mini, rubutun kamar na ɗan makarantar da. Ta karanta layin farko da ƙarfi, ta ce wannan sunan uba ne da na kaka, na biyu kuma sunan wani ƙauye ne. Ta sauka layi na uku. Sai murmushin ya ɗauke. Ta cire ƙafarta daga kan keke, ta karanta har ƙasa bakinta na motsi ba sauti, ta yi alamar addininsu a ƙirji. Ta tambaye ni wa ya ba ni. Na gaya mata gaskiya tun daga farko. Ta matsar da kujerarta baya kaɗan, ban ji haushi ba, ni ma da zan iya matsawa daga kaina da na matsa.

Na roƙe ta ta fassara mini sauran layi biyar ɗin. Ta ce ba ni aka rubuta wa ba.

Yaya, ina tsoro. Ban san abin da ke tafiyar da hannuna ba, kuma ba na son in sani. Amma tsoron da ya fi wannan shi ne in shigar da sunan ya zama shirme ne kaina ya ƙaga, in ɗora wa bawan Allah uban da ba nasa ba, in sa wasu mutane kukan da ba nasu ba. In kuma ban shigar ba, ranar Alhamis mota za ta zo. Saura kwana huɗu.

Taki har kullum,
Auta


Asabar

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kowa lafiya, Inna da ƙafa, ke da hidima. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Na shigar. Ranar Litinin da safe Injiniya ya faɗaɗa wurin sunan, aikin da bai ɗauke shi minti goma ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Mai ɗinki ta rufe shagonta ta zo ta danna haruffan da hannunta. Tabon ya ɓace. Na aika, kwamfutar ofishin ɓatattu ta karɓa ba gardama. Shugabarmu ta tambayi inda na samo cikon, na ce wata 'yar ƙasarsu ce ta taimaka. Ban yi ƙarya ba, ban dai ƙarasa ba.

Talata da azahar suka kira. Mutum ɗaya ne tak ya dace, suna da uba da kaka, har ƙauyen. Mahaifiyarsa ce ta sa a nema, shekara shida ke nan. Suka turo hoto, na kai wa Baba mai makulli don ni ban iya shiga ba. Ya daɗe a ciki. Da ya fito ya ce shi ne, har tabon da ke gira.

Ranar Laraba aka haɗa mu da tsohuwar a waya, a shagon mai ɗinki. Wani ne ya fara gaya mata rasuwar, don haka da muka same ta ta riga ta yi kukanta, muryar ta dushe. Na sa mai ɗinki ta gaya mata ni ce na riƙe masa allo, ni ce kuma na datse abin da ya rubuta, ta yafe mini. Ban san yadda ta fassara ba. Daga nan ta buɗe littafina ta fara karanta mata layi biyar ɗin a hankali.

Ina tsaye tsakanin yadi ban fahimci ko kalma ɗaya ba. A layi na biyu tsohuwar ta yi wani sauti. A na uku, wallahi Yaya, dariya ta yi, 'yar gajeruwa, irin wadda Inna ke yi in an tuno mata ɓarnar da muka yi muna yara. Sai ta fara ba da amsa. Mai ɗinki ta ɗago ta dube ni, ta rufe bakin wayar ta ce ba da mu take ba, da shi take. Muka bar ta har ta gama.

Danginsa ba su da halin ɗaukar sa zuwa gida. Ranar Alhamis mutanen majami'ar mai ɗinki suka zo su tara suka karɓe shi, awa biyu kafin motar hukuma. Na bi su na tsaya daga nesa. An kafa allo a kansa da suna uku cikakku. A hanyar dawowa na ji hannuna ya yi ɗumi, karon farko cikin wata guda. Na sayi lemo na sha a tsaye kamar yarinya, na ce gobe zan miƙa takardar hutu.

Jiya da safe na tarar da Injiniya a ofis yana jira na, ba wasa a fuskarsa. Ya ce abin ya hana shi sukuni, sai ya sa kwamfuta ta binciko masa duk fayil ɗin da sunansa ya ƙare da baƙin tabon nan, tun ranar da aka kafa tsarin, shekara tara. Ba Amharik kaɗai ba, duk rubutun da harafinsa ke cin gurbi fiye da ɗaya. Ya ware waɗanda suka warke suka tafi. Ya bar waɗanda motar hukuma ta ɗauka. Ya ajiye mini takardun a tebur ya fita.

Mutum ɗari biyu da shida. A gefen kowanne akwai lambar ma'aikacin da ya danna E. Na bi da yatsa na ƙirga tawa. Talatin da ɗaya.

Ina zaune ina kallon su har aka kira ni daga ɗakin gaggawa. Na ɗaga waya, muka yi magana ba ta fi ta minti biyu ba. Da na ajiye, yatsana ya yi sanyi, kuma a gefen takardar farko akwai wani ɗan zane da ban taɓa ganin irinsa ba, duk da'ira ne da lanƙwasa. Na kai wa mai ɗinki da yamma. Ta juya shi sama da ƙasa ta ce wannan ba nasu ba ne.

Don haka kada ki gyara mini ɗaki, Yaya, ba zan zo hutun nan ba. Na yaga takardar. Ki gaya wa Inna aiki ne ya yi yawa, ba ƙarya kika yi ba. Na biya kanti na sayo littafi mai kauri da biro dozin ɗaya, yanzu kuma sai in shiga gari neman wanda ya iya karanta wannan.

Ki yafe mini, ki ci gaba da yi mini addu'a.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta